Hular Da Inna Ta Ɗinka Maka

Zuwa ga Yayana Haruna ɗan Kurfi, a birnin Ƙudus, ko duk inda Allah ya aje shi yanzu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni ne ƙaninka Sule, mai wankin hula a kasuwar Dutsin-Ma, wanda daga nan har birnin Katsina babu na biyunshi. Ka tambayi kowa.

Da hannuna nike rubuta wannan. E, ni ɗin dai. Bayan tafiyarka na shiga ajin yaƙi da jahilci, wata huɗu na yi malamin ya ce in tafi hakanan, na ishe shi. In ka ga wani baƙi ya kwanta, ka yi haƙuri ka tada shi. Sunan ƙasar da kake ma, Falasɗinu, sau uku ina rubutawa ina gogewa da yawu, sai da takardar ta kusa hujewa.

Takarda biyu na aika maka ta gidan waya tun da aka yi yaƙin nan, shiru kake ji. Shi ya sa wannan zan ba direban lori ya kai ma masu buga jarida. Ko wani alhaji ya naɗe guzurinshi da ita, ta bi hannu hannu ta faɗo naka. Kowa ya karanta, ban damu ba, kunyar ta riga ta kama ni.

Yaya, ɓarna na yi. Da baki na yi ta, kamar yadda ka san ni. Kuma a kan Inna ta faɗa.

Ka tuna ranar da ka tafi? Shekara goma sha huɗu ke nan. Muka raka ka har bayan gari, kana riƙe da sanda da buta, ka ce ta Barno za ka bi da ƙafa har Makka. Jar dara ce a kanka, wadda ka saya a kasuwar Wurma, ta yi maka yawa. Na ce da kai in ka isa bakin teku ka cire ta ka shiga ciki ta ƙetare da kai. Kowa ya yi dariya ban da Inna. Kai kuma ka durƙusa ka ce mata, “Damina biyu, Inna, ta uku da ni za a yi shuka.”

Ni na manta da hular nan tuni. Inna ba ta manta ba.

Takardarka ta ƙarshe tana nan, shekara uku da zuwanta. A ciki ka ce ka sauke farali, ka wuce ziyara Ƙudus, ƙafa ta riƙe ka can. Ka ce kana share harabar masallaci kana ɗibar ma mutane ruwa, ka yi aure, an haifa maka 'ya ka sa mata sunan Inna. Ka ce an raba garin biyu da waya mai ƙaya, in ka hau soro kana hango wata Bayahudiya tana shanya, tana ƙwala ma ɗanta kira, muryarta sak ta Inna in tana nemana in ci tuwo. Na sha ba mutane labarin nan a kasuwa, ina ƙara mashi gishiri. Har na ce kai ne kake riƙe da makullin masallacin gaba ɗaya. Ka yafe mani, sai da na ga sun buɗe baki sannan na ji daɗi.

To sai ga yaƙi, farkon daminar nan.

Alhaji Mani mai hatsi shi ke da rediyo a layinmu, babba, mai batir kamar tubali. Bayan la'asar kowa sai ya rufe sana'a a taru a rumfarshi. Ranar farko tashar Misira ta ce an gama da Yahudawa, muka yi ta kabbara. Ni har na hau buhun gero na ce a ba ni kuɗin mota kawai, da itacen da nike kifa hula a kai zan je in ƙarasa sauran kafin magariba. Aka yi ta tafa mani. Kwana biyu tsakani wata tashar ta ce ba haka ba ne, sojan Yahudawa sun shiga cikin tsohon gari, har unguwar masallaci. Unguwarka ke nan, Yaya. Na sauko daga kan buhu ban san lokacin da na sauko ba.

Kwana shida aka ce an yi. Ni har yau ba a gama ba a cikina.

A cikin kwanakin nan na ji mai karanta labari ya ce manyan duniya sun yi kira kada a taɓa farar hula. Na yi tsalle na ce jama'a kun ji ko, sana'ata ta kai har majalisar duniya! Duk mai son ranshi ya kawo in wanke mashi tas, mai baƙar hula kuma ya san inda ya kwana. Aka yi dariya. Alhaji Mani ya ce, “Sule sarkin kumfa, Allah ya shirye ka.” Na ji daɗin wasan nan ƙwarai, na adana shi don in kai Kurfi.

Kowace Juma'a nike hawa keke in je gaida Inna. Idonta ya yi rauni, Yaya, sai ka zo dab da ita take gane ka, ni kuma da tari take gane ni tun daga zaure. Ranar na iske ta zaune a ƙofar ɗaki, tuwon jiya na gefenta a rufe. Maƙwabta sun riga sun kai mata labari, sun ce ana ruwan wuta a garin da ɗanta yake. Ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, “Sule, mi akwatin nan ya ce a kan Haruna?”

Mi zan ce? Na gyara zama na ce Inna kwantar da hankalinki, ni da kunnena na ji, doka ce aka kafa, soja da soja ke yi, ba a taɓa farar hula.

Can ta ce, “Haruna da jar dara ya tafi.”

Yaya, nan ne ya kamata in kama bakina. Maimakon in ce Inna ba haka ake nufi ba, sai na ji bakina yana cewa, ai wannan mai sauƙi ne, sai a aika mashi da fara, ni kuma in wanke ta wankin da ko matuƙin jirgin sama ya hango daga can sai ya kauce. Ta ɗago ta dube ni. Ta jawo kwanon tuwon ta buɗe ta fara ci. Ni kuwa na hau keke ina yabon kaina har garin Birchi, ina cewa wa ya iya lallashi irina.

Juma'ar da ta zagayo na iske ta da mazari. Ta ƙi a sayo yadi a kanti, ta ce na kanti ba ta san hannun da ya taɓa shi ba. Auduga ta sa aka nemo mata, ta kaɗa zaren da kanta, ta ba masaƙin unguwa ya saƙa mata farin ƙyalle. Ɗinkin ma ta ce ita za ta yi. Da lalube take sa zare a allura, in ta gaji da nema ta kira matar maƙwabci ta sa mata. Duk yatsunta sun huje. Ta sa na durƙusa ta auna kaina da igiya, ta rage yatsa biyu, ta ce, “Naka ya fi nashi girma, amma nashi ya fi nauyi.” Na yi dariya har da hawaye. Rabon da ta yi mani ba'a tun kana nan.

A rumfar Alhaji kuwa gardama ta ƙi ƙarewa. Yaƙi ya ƙare can, mu muka ɗauke shi nan. Kullum sai an ji an ce mutane suna tsallake kogi da tabarmi a ka, tsofaffi da masu goyo, an rushe wata unguwa an kori masu ita. Ina ji ina leƙen rediyon kamar zan hango ka a ciki. Wata rana sai wata tasha ta ce su ma can ɓangaren harsashin igwa ya faɗa cikin gidajensu, ya kashe mata da yara. Alhaji ya ce ƙarya ce, ko ma gaskiya ce su suka jawo.

Ka san Saje Barau, tsohon sojan nan da ya yi yaƙin ƙasar Bama zamanin Turawa, mai ɗingishi. Kullum yana ƙarshen benci, bai cika magana ba. Ranar ya ce, “Alhaji, a dai yi a hankali.”

Alhaji ya ce, “Wane hankali? Su waɗancan babu farar hula a cikinsu. Har matansu bindiga suke ɗauka.”

Saje ya ce, “Jinjirin da ke goye shi ma bindiga gare shi?”

Alhaji ya tashi tsaye, babbar rigarshi tana kwasar ƙasa. “To wa aka kora daga gidanshi? 'Ya'yan wa ke kwana a fili? Ka faɗa mani, Saje, tun da kai ka sha shayi da Nasara!”

Saje ya ce, “Namu ne, kuma su suka fi yawa, ban musa ba. Ina jin zafin kamar yadda kake ji. Amma ni na taɓa shiga ƙauye bayan jirgi ya wuce, kai ba ka taɓa ba. Ban iya gane na wane ɓangare ne ba, Alhaji. Ƙanana ne kawai.”

Wani ya ce Saje ya zama ɗan koren Yahudu. Wani ya ce a bar shi, mai gaskiya ne. Rumfa ta kaure, har mai goro ya kife farantinshi. Ni kuma da ba na iya ganin taro ban shiga ba, na ce jama'a ku daina wahal da kanku, ni na riga na warware matsalar gidanmu, Inna na ɗinka ma Yayana farar hula, da ta isa shi ke nan.

Babu wanda ya yi dariya. Saje ya juyo ya dube ni ya ce, “Kai Sule, da gaske kake ko wasa?”

Na ce rabi da rabi.

Ya ce, “Tsohuwar ta san da rabin?”

Sannan a gaban kowa ya yi mani karatu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce a bariki duk wanda ba ya cikin kaki shi ne farar hula, ko kanshi a buɗe yake, ko mace ce, ko jariri. Ya ce suna ne kawai, kuma kiran da ake yi kada a taɓa su, ai don ana taɓa su ne. Ya ce, “Bara da aka yi ta'asa a ƙasar nan, telan nan ɗan kudu da shagonshi ke jikin rumfarka, wace hula gare shi? Shekara nawa yana ɗinka ma 'ya'yanmu kayan salla? Da aka fasa shagon ya gudu da matarshi a bayan lori, wa ya fito a cikinmu?”

Alhaji ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Kowa ya nemi takalminshi.

Ni ne maƙwabcin telan, Yaya. Ranar da aka fasa shagon ina durƙushe ina cuɗa hula, ban ɗago kai ba sai da ƙura ta lafa. Ni da zan je Ƙudus da itace.

Kada ka ce ban san ma'anar kalmar ba sam. Tun da soja suka karɓi mulki nike jin ana faɗinta. Na sani, na ture sanin gefe, don wasan ya yi daɗi kuma Inna ta ci tuwo.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna a rumfa sai in ji kamar in tashi, in na tashi ban san inda za ni ba. Na sa ma hular wani malami bula har ta koma shuɗiya, ya zo ya zazzage ni. In na ji Alhaji sai in ce gaskiya gare shi, zuciyata ta tafasa, in ce Allah ya kife su gaba ɗaya. In na tuna matar nan da ka ce tana shanya a bayan waya sai in ji kunyar abin da na roƙa. Kafin in kai gida na sake tafasa. Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara ɓuya in ya hango kekena. Na bi alhazan bana ɗaya bayan ɗaya har garin Makera ina tambaya, kowa ya ce shi iyakarshi Madina.

Kuma Juma'a uku ina zuwa Kurfi ina kallon Inna tana ɗinki, ban ce komai ba. Kowane zuwa da maganar a bakina nike shiga zaure. Sai in ga ta ƙara ƙiba kaɗan, in ji tana waƙa ƙasa ƙasa, in haɗiye.

Ta gama ta. Ɗinkin ya karkace ta gefe ɗaya, akwai ɗigon jini biyu a bakin. Na kawo ta Dutsin-Ma na wanke. Yaya, ba yabon kai ba, tun da nike sana'ar nan ban taɓa wanki irin wannan ba. Na cuɗa, na ɗauraye, na sa sitaci daidai, na kifa ta a rana ina tsaye a kanta kada tsuntsu ya wuce. Wani attajiri ya tsaya ya ce nawa, na ce ya wuce, wannan ta fi ƙarfin kanshi. Na naɗe ta a tsumma mai tsabta na sa a akwati. Ina zan aika ta? Wa zai kai?

Jiya Juma'a na tafi da shirin in ce mata na ba wani alhaji, ta kama hanya. Na tsara ƙaryar tun daga Dutsin-Ma, har sunan alhajin na ƙirƙira. Na shiga na gaishe ta. Kafin in buɗe baki ta ce, “Sule, zo nan, wani abu ya hana ni sukuni.”

Na matsa.

Ta ce, “Shi Haruna ya samu hula. To matarshi fa? Takwarata fa? Mata ba sa sa hula. Su mi za su sa a gane su?”

Yaya, ka san ni tun ina rarrafe. Ka taɓa ganin an tambaye ni na rasa amsa? Na nemi wasa ko guda ɗaya, duk sun gudu. Tana ta jira, fuskarta na kallon gefen da take zaton nike. Ta ce ko farin kallabi zai yi, akwai sauran zare.

Sai na faɗa mata. Na ce Inna babu abin da za su sa. Na ce hular ma ba ta tare komai, suna ne kawai da ake kiran wanda ba ya riƙe da bindiga, kuma irinsu ne ke mutuwa, can da nan. Na ce ban san ko kana raye ba. Na ce na sani tun kafin ta ɗauki mazari.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta laluba ta ɗauki mazarin da ke gefenta ta tura shi ƙarƙashin gado. Muka zauna har aka kira la'asar. Da na tashi tafiya ta ce, “Kai da ka ce ka iya boko, je ka rubuta mashi da hannunka. Ka faɗa mashi abin da ka yi, kada ka rage, kada ka ƙara.”

Ga shi na rubuta. Ban rage ba. Ƙarin ma na yi ƙoƙari na danne.

Matar maƙwabci ta aiko ɗazu da safe, ta ce tun tafiyata Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Yayana, ɗan'uwana, in numfashinka na nan, ka aiko da wani abu. Ba sai doguwar takarda ba. Ko dangwalen yatsa ne a kan ƙyalle, ko saƙon baki ta wani mai zuwa Barno. Ka ambaci takwarar Inna, ka ce ta ci ta ƙoshi. In ƙetare kogin kuka yi, ka ce kun ƙetare. In kuma ba ka da abin da za ka faɗa mai daɗi, ka faɗi marar daɗin, ta ce shi take so yanzu. Ni ba zan ƙara kai mata labarin da ba daga hannunka ya fito ba, don haka duk Juma'a hannu rabbana zan riƙa zuwa har sai ka yi magana.

Allah ya tsare ka, ya tsare matarka da takwarar Inna. Allah ya mai da waɗanda aka kora ɗakunansu. Allah ya tsare duk wanda ba ya riƙe da komai sai ɗanshi, ko ta wane gefen waya yake, in Alhaji Mani ya karanta ya ji haushi ya zo ya same ni a rumfa. Allah ya ba Inna ikon haɗiye ko loma ɗaya kafin amsarka ta iso. Amin.

Ka huta lafiya.

Ni ne ƙaninka,
Sule mai wankin hula, layin 'yan hatsi, kasuwar Dutsin-Ma. In ka rubuto, ko “Sule” kaɗai ka sa, za ta iso.